Makullin Ɗakin Maganin Dutsen Marke

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai. Roƙona ɗaya, kada wanda ya yanke hukunci sai ya ji ƙarshe, don na san halinku, tun ana gaisuwa kun riga kun zaɓi ɓangare.

A can gabas, inda duwatsu suka fi gonaki yawa, akwai wani gari da ake kira Dutsen Marke. Ƙasarsu tana ba da gero da gyaɗa, tana kuma ba da kububuwa, ɗan gajeren macijin nan mai launin ƙasa da ke kwanciya ƙarƙashin kara. Duk farkon damina in aka fita sharar gona, sai an ɗauko wani a amalanke jini na tsattsafo masa ta dasashi. Asibitin birni na da nisa, kuma da zarar ruwa ya sauka, rafin da ke tsakani yake cika, mota ba ta ƙetarewa. Mutane da yawa a bakin rafin nan suka cika.

Da abin ya ishe su, 'yan garin na gida da na waje suka haɗa hannu suka gina ɗakin magani. Wanda ya zana ginin ya san ƙasar zafi. Ya yi bango mai kauri da tubalin jar ƙasa, ya ɗaga rufi, ya bar kafofi a ƙarƙashinsa domin iska mai zafi ta riƙa fita da kanta ba sai an kunna fanka ba. A kan rufi aka shimfiɗa farantan sola, a wani ɗan ɗaki aka jera batura, a na kusa da shi aka ajiye firji. Cikin firjin ake ajiye allurar dafin maciji, irin wadda in zafi ya taɓa ta sai ta mutu ta koma ruwan banza. Wutar ginin kuwa ba ta da yawa, an auna ta ne daidai buƙata, kamar tuwon gidan da ba a tsammanin baƙo.

Mu dai kun san mu. Ranar buɗe gini ba a fin mu kwalliya da jawabi, amma washegari a tambayi wa zai share, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Sa'ar da Dutsen Marke ta yi ita ce Malam Barau, wani tsohon mai gyaran rediyo da matarsa ta rasu, wanda ya karɓi kula da ginin ya riƙe shi kamar amanar marayu. Da sassafe yana kan rufi da bokiti da tsumma. Da hantsi yana ɗakin batura yana taɓa wannan, yana saurarar wancan. Duk fankar da ya gani tana juyawa a ɗakin da ba kowa, sai ya kashe ta ya bi wanda ya kunna da harara. Shekara da shekaru firjin bai taɓa ɗumi ba, har mutane suka ɗauka ginin ne ke kula da kansa.

'Ya'yansa uku ne, duk manya da iyalansu. Babban shi ne Nomau, manomi kuma magini, mai kiwon tantabaru, gidansa na jingine da bayan ɗakin maganin. Da yake ɗan fari ne, Malam Barau ba ya kiran sunansa, ba ya kuma iya yi masa faɗa ido da ido. Mai bi masa Lantana ce, tela, wadda kusan duk matan garin ita ke musu ɗinkin Salla. Autan shi ne Shekarau, mai shagon cajin waya a bakin kasuwa. Shi da uban ba sa jituwa sosai, tun ranar da ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana goge gilashi ba, uban kuma ya ce masa ba shi da haƙurin gyara.

Wata shekara azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Ana gab da kama shi tsani ya karye da Malam Barau, ya faɗo ya samu karaya a cinya. Mai ɗori ya ɗaure shi, ya ce ko zaure kada ya taka. Aka rataye makullin da ke buɗe ɗakin firji da na batura a ƙusa, kowa ya riƙa ɗauka in yana so.

Kada ku ce mugunta aka yi wa ginin nan. Da ƙauna aka kusa kashe shi. Matan garin suka ga firjin da ya ceci mazajensu yana tsaye tsirara, suka ce bai kamata ba, suka sa Lantana ta ɗinka masa riga ta leshi mai kauri har ƙasa, ta rufe shi gaba da baya, aka kuma matsa shi jikin bango don ɗakin ya yi fili. Mai gadi ya ga rina na shiga ta kafofin rufi, ya tausaya wa marasa lafiya, ya toshe kafofin da tsummoki da buhuna. Da azumi ya kankama, zafi ya yi zafi, sai mai wannan ya kawo ruwan leda a sa masa ya yi sanyi kafin shan ruwa, mai wancan ya kawo zoɓo, wani ya jona wayarsa, wani fitilarsa. Wa zai hana mai azumi ruwan sanyi? Ƙofar firjin ta wuni ana buɗe ta ana rufewa.

Wata rana da hantsi Malama Rifkatu, jami'ar lafiyar da ke duba marasa lafiya a wurin, ta yi sallama a gidan Malam Barau. Ta zauna bakin tabarma, bayan gaisuwa ta ce, "Baba Barau, tsinken ma'aunin firji ya fara barin kore. Da rana sai ya yi ta hawa, da safe kuma in na zo a kashe nake samun firjin, wuta ta ƙare kafin gari ya waye. Na yi magana, an ji ni an ƙi ji. Na kira birni, sun ce allurar da ke hannunmu ita ce rabonmu na bana, babu wata sai bayan damina."

"Ta mutu?" ya tambaya.

"Da sauran ranta. Amma in aka ci gaba a haka, ba za ta ga ruwan farko ba."

Malam Barau ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta mayar da shi. Bai taɓa jin haushin jikinsa ba kamar ranar. Ya san mutanen da za su fita sharar gona, ya san su da sunayensu, kuma ya san ɗaya daga cikinsu, ko biyu, kububuwa na jiran su. Ya aika aka kira masa 'ya'yan nasa.

"Ban kira ku ku yi min sannu ba," ya ce. "Maganin nan ba zai mutu ina raye ba. Ba ni da ƙafa, ku ne ƙafafuna. Kai babba, rufi da bango naka ne. Lantana, ɗakin firji da duk abin da ke shan wuta. Kai kuma Shekarau, in ka ga dama, batura."

Shekarau ya ji wannan "in ka ga dama" har cikin ransa. Su ukun suka tashi.

Nomau ya yi sabon tsani, ya hau rufi bayan sallar asuba, domin uban ya gargaɗe shi cewa gilashin da rana ta gasa in ya ji ruwan sanyi yana iya tsagewa. Abin da ya tarar ya sa ya zauna a kan kwanon rufin. Farantan duk sun yi fari fat da kashin tantabaru, ya bushe ya kama kamar siminti, kuma tantabarun nasa ne. Nan ya gane abin da tsohon ya yi shekaru yana wankewa kullum safiya, bai taɓa buɗe baki ya faɗa masa ba saboda kunyar ɗan fari. Ya jiƙa, ya goge a hankali don kada ya karce gilashin. Ruwan rijiyar gari yana barin farin dabbare in ya bushe, don haka ya riƙa zuwa gindin rafi yana tono ruwa mai daɗi, yana ɗaukowa a ka, da azumi a bakinsa. Ya zare tsummokin da aka cusa a kafofin rufi, rina ta far masa, ya sauko fuska a kumbure har ido ba ya buɗuwa, washegari ya koma da hayaƙi ya kore ta, ya buga raga a kowace kafa yadda iska za ta wuce ƙwaro ba zai shiga ba. Ɗakin da ya koma kamar tanderu ya fara hucewa.

Tantabarun dai ba su daina sauka ba. Ya kafa musu mutum-mutumi, suka hau kansa. Ya zuba su a kwanduna ya kai wa wani abokinsa a ƙauye mai nisa, kafin ya gama hutawa sun riga sun dawo suna jere a kan farantan. Tun yana yaro yake kiwon zuriyar nan, ya san kowace da halinta, akwai waɗanda suke cin tsaba a tafin hannunsa. Wata safiya ya shiga ɗakinsu da wuƙa ya rufe ƙofa. Da yamma aka raba naman gida-gida don buɗa-baki, shi kuwa ko romon bai taɓa ba. Malam Barau ya ga kwanon da aka kawo masa, ya gane, ya juya fuskarsa bango. Gonar Nomau kuma, duk maƙwabta sun gama shara tasa na nan da kara.

Lantana ta fara da abin da hannunta ya ɗinka. A gaban matan da suka haɗa kuɗi aka sayi leshin ta tuɓe wa firjin rigar, ta ninke ta miƙa musu. Ta janye shi daga jikin bango, ta nuna musu ragar ƙarfen da ke bayansa, ta ce ta nan yake fitar da zafi, mun toshe masa hanci muna cewa ado muka yi masa. Ta share ragar tas. Ta saka ƙyalle a bakin ƙofar ta rufe ta ja, ƙyallen ya zame ba wuya, ta gane robar bakin ta saki, sanyi na zurarewa, ta gasa ta da ruwan zafi har ta koma ta kama. Ta fitar da ledojin ruwa da robobin zoɓo ta jera a waje, ta zare duk wayar da aka jona. Ta riƙa buɗe tagogin ɓangaren inuwa tana rufe na ɓangaren rana, fitila ba ta ci da rana, fanka ba ta juyawa sai a kan mara lafiya. Daga nan ta ɗauko kekenta na ɗinki ta kafa a bakin ƙofar ɗakin, ta cire makullin daga ƙusa ta ɗaure a bakin zaninta. Ba mai buɗe firji sai Malama Rifkatu, ita ma sai da dalili.

Wannan ne ya tayar da gari. Dagaci ya aiko da ruwansa, ta mayar. Ya zo da kansa, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, in na buɗe maka na buɗe wa gari, in na buɗe wa gari magani ya mutu. Ka yafe ni." Ya juya ya tafi. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne zuwan surukarta, tsohuwa mai rauni da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, riƙe da 'yar robar kunu, leɓɓanta a bushe.

"'Yar nan, ɗan wannan kaɗai. Ko a gefe ne."

"Inna, ba zan iya ba," Lantana ta ce, hawaye na zubo mata.

Ta je ta naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhu ta kai mata ɗaki, tsohuwar ta ce a mayar mata da abinta. Mijinta ya daina cin abincinta. Mata suka riƙa zuwa suna karɓe yadukan Sallarsu ba a ɗinka ba, a rijiya kuma aka sa mata suna marar kunya. Duk wanda ya zo duba Malam Barau sai ya ƙare da ƙarar 'yarsa, har da masu cewa ya ja mata kunne tun aurenta bai mutu ba. Tsohon ya saurara, zuciyarsa na ƙuna, amma bai aika mata ta sassauta ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Shekarau nasa aikin ba mai gani. Ya shiga ɗakin batura ya tarar kawunansu sun yi farin gishiri, wayoyi sun yi sako-sako. Ya wanke su da ruwan kanwa, ya ɗaure, ya shafa musu giris, ya ƙara ruwan batir inda ya ja baya. Duk da haka, ga farantai sun yi tsabta, ga ɓarna ta tsaya, amma wuta ba ta kai safe. Wani da sai ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Shi kuwa ya zauna ya ware baturan ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, yana jira, yana sake aunawa, shi da aka ce ba shi da haƙurin gyara. A ƙarshe ya samo mai laifin: batir ɗaya ya kumbura, yana zafi, yana shanye ƙarfin 'yan'uwansa. Irinsa babu a garin, na birni kuma sai an jira, damina ba za ta jira ba.

Na ce babu, amma akwai guda ɗaya. Shi ne wanda ke riƙe da shagon Shekarau, wanda da shi yake ciyar da matarsa da jaririn da ta haifa bai daɗe ba. Ga Salla ta matso, lokacin da shagon ke cika har waje. Ya je da tsakar rana, ya mayar wa kowa wayarsa, ya kwance batirin ya ɗora a amalanke, ya tura ta tsakiyar kasuwa ana tambayarsa ko lafiya. Ya haɗa shi, ya kwana biyu yana lura har ya ga sun daidaita. Washegari Malama Rifkatu ta zo ta tarar firjin na gurnani, tsinke na cikin kore. Shagon ya zauna a rufe, masu zuwa wurinsa suka koma wurin wani suka saba da can, shi kuma ya koma dako a kasuwa. Bai gaya wa uban ba. A bakin wani mai ziyara Malam Barau ya ji.

Aka yi Salla. Bayanta hadari ya haɗu, gajimare ya rufe sama kwanaki, rana sai dai a ji labarinta. Ruwa ya sauka, rafi ya cika ya yanke hanya. Ɗan hasken da ke ratsowa farantan Nomau suka kama shi duka. Abin da suka kama baturan Shekarau suka riƙe. Abin da aka riƙe Lantana ba ta bar ko ɗigo ya tafi a banza ba. Tsinken ya yi ta rawa a bakin koren, amma bai fita ba.

A kwanakin nan aka kwance wa Malam Barau ɗori, ya fara dogara sanda. Mutumin da ya gaji da kwanciya ba ya jin magana. Wata safiya ya lallaɓa bayan gidansa don ya ɗaga damin karan da ruwa ya jiƙa, ya sa hannu ƙarƙashi, ya ji kamar an soka masa ƙaya mai wuta. Ya ga abin yana naɗewa, ya san ko mene ne. Duk lissafin da ya yi na wanda kububuwa ke jira, bai taɓa sa kansa a ciki ba.

Kafin a kai shi ɗakin magani hannun ya kumbura, yana tofar da yawu da jini. Yana kwance yana kallon Malama Rifkatu ta karɓi makulli a hannun Lantana, ta buɗe firjin, ta ɗauko 'yar kwalbar ta ɗaga ta saitin taga. In ruwan ya yi gurɓi, magani ya mutu, shi ma ya bi shi, domin ba hanyar birni. Ta juya kwalbar, ta sake dubawa.

"Garau yake, Baba," ta ce.

Ta yi masa allurar. Kafin la'asar jinin ya tsaya. Bayansa a wannan daminar an kawo wasu manoma, har da ƙanen dagacin, kuma ba wanda aka kai bakin rafi.

Malam Barau ya tashi, amma ƙafa ta gajarce, hannu ya yi rauni, shi da tsani sun yi sallama. Dagaci ya tara dattawa a ƙofar gidansa ya ce sun ga abin da makullin ƙusa ya jawo, abin kowa ya zama ba na kowa ba. Daga yau mutum ɗaya za a damƙa wa ginin, shi za a tambaya in ya lalace, shi za a gode wa in ya tsaya, kuma sunansa za a aika birni. Ya ce Malam Barau ya zaɓa cikin 'ya'yansa.

Ba wanda ya janye a cikinsu, don kowa ya ɗanɗana aikin ya ga zai iya. Nomau ya ce in rufi bai kama rana ba, babu abin da za a adana, babu abin da za a yi tattali, kuma shi ya yanka abin da yake ƙauna da hannunsa. Lantana ta ce ko an tara wutar duniya, in ba mai iya kallon babba ya ce a'a, a wuni ɗaya za a shanye ta, kuma ita sunanta ta bayar, wanda ba a sayo shi a kasuwa. Shekarau ya ce su biyun sun gama nasu wuta ba ta kai safe ba sai da ya gano ciwon, kuma shi abincin iyalinsa ya ɗora a amalanke.

Dattawan ma suka rabu. Wasu suka ce ai tantabarun Nomau ne suka fara ɓata rufin, rigar Lantana ce ta shaƙe firjin, Shekarau ne kaɗai bai ɓata komai ba. Wasu suka ce wanda ya ga ɓarnarsa ya gyara ta da kansa ya fi sanin inda ɓarna ke shigowa, kuma Shekarau sau ɗaya ya yi nasa, alhali wanka da tsaron ƙofa kullum ne. Wasu suka ce sau ɗayan nan ne ba wanda zai iya sai shi.

Malam Barau na zaune da makullin a tafin hannunsa mai tabo. Ya dubi babban da ba ya iya kiran sunansa, ya dubi 'yar da gari ya juya wa baya saboda umarninsa, ya dubi autan da ya taɓa yi wa mummunar shaida. Ransa da yake numfashi da shi, kowannensu na da hannu a ciki, kuma duk wanda ya miƙa wa, biyu za su koma gida da ciwon da shi ya sa musu. Hannunsa ya ɗaga, ya tsaya.

To, ni nan na kawo ku. Ga mai rufi, ga mai ƙofa, ga mai batura, makulli kuma ɗaya ne, ba a yarda a raba shi ba. Da ku ne Malam Barau, a hannun wa za ku sa shi?